Ketamin yana sa ni amai, zan iya shan maganin amai kafin in je?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, dan Allah ina neman shawara. Shekara uku ina fama da ciwon damuwa, na sha magunguna kala-kala ba sauƙi, shi ne likitana ya ɗora ni a kan ketamin ta ƙarin ruwa. Alhamdulillahi na fara ganin canji, amma duk ranar da aka yi min sai zuciyata ta dinga tashi, zuwa na biyu ma sai da na yi amai a roba a gaban nas, kunya kamar in nutse. Yayata tana da Phenergan ta ce in sha ƙwaya ɗaya kafin in fita, ni kuma kullum ina shan maganin damuwa escitalopram. Ba matsala in haɗa? Daga wata 'yar'uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Phenergan ɗin nan ki bar wa Yaya abinta tukuna. Maganin amai ne, gaskiya, amma yana kawo barci mai nauyi, ketamin kuma dama yana sa mutum ya ji kamar ya rabu da jikinsa, ga jiri ga kasala, to in suka haɗu kuma masu kula da ke ba su san kin sha ba, ba za su gane me ya sa kika kasa farfaɗowa da wuri ba, kuma amai cikin magagin barci na iya sarƙe mutum ya gangara huhu. Abin da nake jiye miki ke nan.

Kuma ki daina jin kunya wallahi, tashin zuciya na cikin abubuwan da aka fi gani da wannan magani, nas ɗin ta saba.

Wanda likitoci suka fi bayarwa shi ne ondansetron, wanda aka fi sani da Zofran, yawanci miligiram 4 zuwa 8 kafin a fara, don ba ya kawo barci sosai. Sai dai a nan ne escitalopram ɗinki ya shigo. Su biyun kowanne na iya jan lokacin da zuciya ke ɗauka ta shirya wa bugu na gaba, abin da ake aunawa a gwajin ECG, kuma in ya yi tsawo da yawa bugun na iya rikicewa. Mutane da yawa ana haɗa musu lafiya lau, amma likita ne zai duba, musamman in akwai ciwon zuciya a gidanku, ko kin taɓa suma haka kawai, ko sinadarin fotashiyam ya yi ƙasa a jininki saboda yawan amai ko gudawa. Metoclopramide kuma, wani maganin amai, yana iya sa wuya ya sanƙare ko mutum ya kasa zama waje ɗaya, ga shi ba a son shi ga mai ciwon damuwa.

Akwai abin da ke hannunki. Ga ketamin na feshi a hanci, Spravato, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2019, ƙa'idar ita ce kar a ci abinci awa 2 kafin a yi, ruwa kuma a tsaya minti 30 kafin. Na ƙarin ruwa ki bi lokacin da asibitinku ya ce. Idan ruwan ya fara shiga ki kwantar da kai waje ɗaya, ki lumshe ido, ki ajiye waya, don juya kai da kallon abu mai motsi su ke tayar da zuciyar. In an gama kar ki miƙe zumbur, kuma kar ki tuƙa mota sai washegari.

Kafin zuwa na gaba ki zuba duk magungunanki a leda har da na gargajiya ki kai wa likitan, ki ce masa kin yi amai wancan karon. Zai iya ba ki maganin tun kafin a sa ruwan, ko ya rage gudun ruwan. In kuma kika ji zuciyarki na dukan uku-uku ba dalili, ko ƙirji ya riƙe, ko amai ya ƙi tsayawa bayan kin koma gida, ki koma asibiti a ranar.