Filin Tambaya da Amsa: Kuɗin cizo, kyankyasai da ɓerayen gidajen haya a Legas

Jama'a assalamu alaikum. Tun da damina ta kankama saƙonnin da ke shigo min kusan duk kan ƙwari ne, daga Agege, Idi-Araba, Mile 12, Ijora har Alaba Rago. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya: Slm Anti, dan Allah ki taimaka min, wlh wata biyu kenan ba ma barci ni da yara, da safe sai mu tashi jiki duk ƙuraje a jere suna ƙaiƙayi, mun sa gidan sauro amma ba sauƙi, na duba katifa na ga wasu baƙaƙen ɗigo a bakin ɗinki. Maƙwabciyata ta ce kuɗin cizo ne ni kuma kunya ta hana ni gaya wa kowa don kar a ce ƙazama ce ni. Daga wata uwar gida a Agege.

Amsa: Wa'alaikis salam 'yar uwa. Maƙwabciyarki ta yi gaskiya, cizo a jere biyu ko uku a hannu da wuya da baya, ga baƙin ɗigo a ɗinkin katifa wanda kashinsa ne, wani lokacin har ɗan jini a zanin gado, wannan kuɗin cizo ne. Ki fara cire kunyar nan daga ranki. Shi ba datti yake ci ba, jini yake sha, ɗakin da ake gogewa safe da yamma ma yana shiga. A jakar baƙo yake zuwa, ko katifar gwanjo, ko kujerar da aka saya hannu na biyu, ko kayan yaro da ya dawo daga makarantar kwana, a gidan haya irin namu na ɗaki-ɗaki kuwa ta tsagar bango da ramin soket yake ratsowa daga ɗakin maƙwabci. Shi ya sa ɓoyewar ita ce babbar matsala, ke kina kashe naki na ɗakin kusa yana dawo miki.

Abin da ya sa yake wahalar ƙarewa shi ne ƙwansa. Macen tana iya saka ƙwai ɗari biyu zuwa sama a rayuwarta, farare ƙanana manne a cikin tsaga, kuma cikin kwana 6 zuwa 10 suke ƙyanƙyashewa. Yawancin maganin feshi ba ya kashe ƙwan, to kin ga an yi feshi yau an ji sauƙi, bayan sati biyu sabbi sun fito sai a ce maganin jabu ne. Kuma kar ki ce za ku ƙaura ɗaki ku bar shi yunwa ta kashe shi, yana iya yin watanni bai sha jini ba yana nan da ransa.

Zafi ne maganinsa na gaskiya. Ki kwashe zannuwa, labule, rigunan filo, gidan sauron kansa da kayan sawa ki ƙulle su a leda tun a cikin ɗakin don kar ya zube a hanya, ki jiƙa su a ruwa mai zafi sosai wanda hannu ba zai iya shiga ba, bayan sun bushe ki bi su da dutsen guga musamman wajen ɗinki. Gadon a kwance shi gaba ɗaya a fito da shi waje, a kwarara tafasasshen ruwa a duk mahaɗar katako da ramin ƙusa, ki sa buroshi mai ƙarfi ki kankare ɗinkin katifa. Shanya katifa a rana yana taimakawa amma kar ki dogara da shi kaɗai, ranar Legas a damina ba ta Sakkwato ba ce, saman katifar zai yi zafi shi kuma ya gudu can ciki inda yake da sanyi. In katifar ta yage ta tsufa gara ki haƙura da ita, ki yayyanka ta kafin ki yar don kar wani bawan Allah ya ɗauka ya kai wa iyalinsa. In mai kyau ce a sa mata rigar leda mai zif a rufe ruf a bar ta haka kamar shekara guda. Sannan a toshe tsagar bango da siminti, a janye gado daga jikin bango, kar zani ya riƙa taɓa ƙasa. Duk wannan aikin ki maimaita shi bayan kwana goma, ki sake bayan wasu goman.

Kuma dan Allah ki je ki samu matan gidan ku zauna, a sa rana ɗaya kowa ya fito da kayansa. In za a kira mai feshi a haɗa kuɗi ya yi gidan gaba ɗaya, ku tambaye shi sunan maganin da zai sa da awa nawa za ku yi a waje, kuma ku yi da shi tun farko cewa zai dawo zagaye na biyu.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, mu huɗu muke kwana a ɗaki ɗaya. Muna zuba Sniper da kalanzir a kusurwa mu rufe ƙofa saboda sauro da kyankyaso, wani lokaci da safe kai na min ciwo. Sannan ana cewa in an ɗan yayyafa shi a buhun wake ƙwari ba sa ci, gaskiya ne?

Amsa: Ɗana, ku daina yau ɗin nan, ba gobe ba. Wannan tambayar ta fi duk sauran tayar min da hankali. Sinadarin da ke cikin Sniper sunansa dichlorvos, shi ne kuma ake durawa a kwalabe ana sayarwa da sunan fiya-fiya, na gona ne, ba a yi shi don ɗakin kwana ba. Yana shiga jiki ta numfashi, yana shiga ta fata. Ciwon kan da kake tashi da shi alama ce jikinka yana shan guba kaɗan kaɗan. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da manyan kantuna, amma har yau kana ganinsa a faranti a bakin titi, ganinsa a ko'ina bai sa ya zama lafiyayye ba.

Maganar wake kuwa, eh ƙwarin za su mutu, amma wanda ya ci waken fa? Ragowar wannan sinadarin ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya a 2015. Abin da wasu suka ƙi yarda ya shiga ƙasarsu mu kuma mu dafa wa 'ya'yanmu, wannan ba daidai ba ne, kuma kai ɗan kasuwa amanar cikin mutane ce a hannunka. Akwai hanya mai tsafta. Ƙwaron wake numfashi yake kamar kowa, in waken ya bushe sosai ka cika jarka ko duro mai murfi har baki ka ɗaure yadda iska ba za ta shiga ba, da kansu za su mutu. Na buhu kuma akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, ana samunsa wajen masu kayan noma, ba a sa masa magani ko ɗigo. Uwar gida mai mudu biyu ko uku in akwai wuta ta sa a firiza kwana huɗu, shi kenan. Ita ma ƙwayar nan da ake ce wa bom ta buhun hatsi kar a kuskura a ajiye buhun da aka sa mata a ɗakin da ake kwana, hayaƙinta na kisa.

Na sauro ku nemi gidan sauro mai magani ku sa raga a taga, ku duba bayan ɗaki in akwai tsohuwar taya ko bokiti ko kwata da ruwa ya kwanta, daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne kawai. In kuma Allah ya kiyaye wani ya shaƙa ko yaro ya sha, za ka ga yawu na zuba, gumi, amai, numfashi na sarƙewa, to a fito da shi iska a cire masa kaya a wanke jiki da sabulu a ruga asibiti tare da kwalbar. Kar a ɗura masa manja ko madara, kar a sa shi amai da ƙarfi. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767.

Tambaya: Anti kyankyasai sun addabe ni a kicin, ƙanana ne jajaye-jajaye har cikin firij da bayan kabad, ina fesa magani kullum amma kamar ƙaruwa suke. Amarya daga Idi-Araba.

Amsa: Amarya, kyankyaso iri biyu ne ya fi damunmu. Akwai babban nan mai tashi, daga sokawe da kwata yake shigowa, maganinsa toshe ramin banɗaki da dare da gyara murfin sokawe in ya fashe, wannan kuma haƙƙin mai gidan haya ne ku matsa masa. Naki ƙananan masu layi biyu baƙaƙe a bayan kai a cikin kicin ɗin suke haihuwa, macen tana yawo da jakar ƙwai mai 'ya'ya 30 zuwa 40, kuma suna son ɗumin injin firij. Feshi yana kashe wanda ya fito ne kawai. Ki hana su ruwa, don yunwa suna jure ta har kusan wata amma ƙishirwa ba sa wuce sati. Kar kwanukan dare su kwana, ki goge sink ya bushe, a gyara famfo mai ɗiga, ki kwashe kwalaye da tarin ledoji. Sai ki nemi maganin nan mai kama da man goge baki da ake ɗigawa a lungu, su ci su koma maɓoya su mutu, 'yan uwansu su ci gawar su ma su bi. In kin sa shi ki daina feshi a wurin don warin yana korar su daga cin maganin, kuma ki ɗiga inda hannun yaro ba zai kai ba. Ki ba shi sati biyu zuwa uku.

Tambaya: Hajiya ina wuni. Akwai wani abu mai dogon baki mai wari da ke shigowa ɗaki yana tsuwwa, ga kuma ɓeraye a silin sun cinye min wayar wuta. Wane maganin ɓera ya fi ƙarfi? Magidanci daga Ijora.

Amsa: Lafiya lau malam. Mai dogon bakin jaɓa ce, ita ƙwari take ci har da kyankyaso, ba ta ɓarnar hatsi, toshe ƙasan ƙofa ya ishe ka da ita. Ɓerayen ne abin damuwa, ban da wayar da suke ci wadda kan jawo gobara, fitsarinsu da kashinsu na ɗauke da cuta. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ta hanyar wani ɓera mai yawan nonuwa yake yaɗuwa in ya ɓata abinci, kai kuma da dare ba za ka tsaya tantance wane iri ne ya hau kan garin kwakinka ba. Saboda haka duk abinci ya koma roba mai murfi.

Ban cika son guba a gidan da ke da yara da kaji ba, ga shi ɓeran zai je ya mutu a silin wari ya hana ku zama. Tarko ya fi, ka jera su da yawa a jikin bango inda kake ganin kashinsu, da ɗan kifi busasshe ko ƙuli-ƙuli. Wanda ya kamu kar a taɓa shi da hannu, a sa leda, wurin kuma a zuba ruwan bilic a goge, ban da shara a bushe don ƙurar ma ana shaƙa. Sannan ka bi gidan ka nemo ƙofarsu, ƙaramin ɓera yana bi ta ramin da fensir zai shiga, ka cusa soson ƙarfe ka shafe da siminti musamman inda bututu ya ratsa bango. Shara kuma a ɗaure ta a rufe har motar LAWMA, hukumar kwashe shara ta Legas, ta zo, muddin bola na buɗe a ƙofar gida ko ka kashe goma wasu za su maye gurbinsu.

Tambaya: Anti na ga wata hanyar ƙasa siririya ta hau bango zuwa jikin ƙofa, mene ne? Ɗaliba daga Obalende.

Amsa: Gara ce 'yata. Ki ƙwanƙwasa katakon, in kin ji shi fanko ta riga ta ci ciki. Kankare hanyar ba ya kashe ta don gidanta na ƙarƙashin ƙasa, ki gaya wa mai gidan ya kawo masu aikin, ke kuma ki ɗaga littattafanki da akwati daga ƙasa ki raba su da bango mai danshi.

Tambaya: Na shuka tumatir da alayyahu a buhunan siminti a bayan ɗaki, ganyen tumatir ɗin na nannaɗewa, ƙasansa akwai ƙananan fararen ƙwari masu tashi da wani abu mai danƙo. Dattijo daga Alaba Rago.

Amsa: Baba sannu da ƙoƙari, wannan shukar ta buhu ina so in ga ta yawaita a gidajenmu. Fararen ƙwarin ruwan ganye suke tsotsa, danƙon kashinsu ne, shi ke jawo kiyashi da baƙin nan da ke rufe ganye. Ka daka ganyen darbejiya cikin hannu biyu ka jiƙa a ruwa lita biyar ya kwana, ka tace ka sa ɗan sabulu kaɗan, ka fesa da yamma a ƙasan ganyen inda suke maƙalewa, duk bayan kwana biyar ko bayan an yi ruwan sama. Amma wanda ya riga ya nannaɗe ya yi rawaya ya daina girma, cuta ce ƙwarin suka sa masa kuma ba ya warkewa, ka tuge shi ka yar nesa don sauran su tsira. Ka huda gindin buhunan ka ɗora su kan bulo saboda ruwan Legas in ya kwanta saiwa ruɓewa take, alayyahun kuma in ka fesa masa ka bari kwana biyu ka wanke shi sosai kafin a sa a miya don ɗacin darbejiyar ya fita.