Tun da ya yi sanƙarau, ɗana ba ya waiwaye in na kira shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ɗan shekara uku ya yi sanƙarau a watan Maris, Allah ya tashi kafaɗunsa. Amma tun da muka dawo daga asibiti, in na kira shi ta baya ko gezau, 'yan kalmomin da ya iya ma sun fara ɓacewa. Uwar mijina ta ce dauɗa ce ta toshe kunnen, an kira wanzami ya sakace, kuma kullum da dare ana ɗiga masa mai mai ɗumi da ruwan albasa. Wata biyu ke nan babu sauƙi. Babansa na son sayo na'urar ji a kasuwa. Hankalina a tashe yake.
Wata uwa daga Domayo, Marwa

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya. Daga daren yau a daina ɗiga masa komai, kuma kada wanzamin nan ya sake kusantar kunnensa.

Kurmancin da ke biyo bayan sanƙarau ba toshewa ba ne. Ƙwayar cutar kan ratsa daga rufin ƙwaƙwalwa ta shiga can cikin kunne, wurin nan mai siffar katantanwa, ta lalata ƙananan gashin da ke mai da sauti saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Wurin yana binne cikin ƙashi, bayan dodon kunne. Ko tulun mai aka juye, ba zai kai can ba. Kuma gashin nan in ya mutu ba ya sake tsirowa.

Maganar "dauɗa ce" ta ishe ni. Da wuya rana ta fito ta faɗi ban ji ta ba. Dauɗar kunne ba ƙazanta ba ce, Allah ya yi ta don ta tare ƙura da ƙwari, kuma da kanta take fitowa. In ma ta cushe, ji take ragewa kaɗan, ba ta mai da yaro mai surutu ya koma shiru. Cire ta aikin 'yan mintoci ne a asibiti, da fitila, likita na ganin abin da yake yi. Shi kuwa mai sakace kunne lalube yake cikin duhu da ƙarfe, ƙarfen da ya gama zura wa wani a tasha. Ramin kunnen babba bai wuce santimita biyu da rabi ba, na yaro bai kai haka ba, dodon kunne kuma siriri ne kamar ɓawon albasa. Yaro ya zabura sau ɗaya, an huda. Sai a bi hujin da ruwan albasa, da ruwan taba, da man da aka narka a cokali. Bayan mako guda kunne ya fara zubar da mugunya, sai a ce "ka gani, cutar ce ke fita". Cutar ce ke shiga! Na sha karɓar yaran da sanƙarau ya bar musu ragowar ji, wanda na'ura za ta iya kamawa, amma maganin gida ya ƙara musu ruɓar kunne a kai. Haka masu tallan magani a tebur, su miƙo maganin ɗigawa mai jantamisin ba tare da an leƙa an ga ko dodon a huje yake ba, alhali maganin kansa na iya kashe ji in ya shiga ciki. Ba na zargin Hajiya, ƙaunar jikanta ce. Wanda ke karɓar kuɗi a kan abin da bai sani ba, shi nake zargi.

Babbar asarar ita ce lokaci. Ƙa'ida ita ce a gwada jin duk yaron da ya tashi daga sanƙarau cikin mako huɗu, domin katantanwar nan kan fara cikewa da ƙashi cikin makonni ko watanni, kuma in ta cike, aikin dasa na'ura a cikin kunne ya yi wuya ƙwarai. Ki kai shi wurin likitan ORL, wato likitan kunne da hanci da maƙogwaro, a wannan makon, da takardar sallamarsa. Ɗan shekara uku ana iya yi masa gwajin da ake manna wayoyi a kai yana barci. In ba su da na'urar, su ba ki takardar tura ku inda take, ko da Yawunde ne.

Na'urar ji ta kasuwa kuwa, Alhaji ya riƙe kuɗinsa. Lasifika ce kawai, tana ƙara komai, har da ƙarar babur. Ta gaske ana saita ta ne bisa sakamakon gwaji, a auna kunnen a yi mata mazauni, a riƙa sake shi yayin da yaro ke girma. Ku sa kuɗin batir cikin lissafi, ku kare ta daga gumi da ƙurar hunturu.

Kafin nan kada gida ya yi shiru. Ki durƙusa daidai fuskarsa, inda haske ke kan bakinki, ki taɓa shi kafin ki yi magana, ba ihu. Ku fara maganar hannu, ke da babansa da yayyensa: ruwa, abinci, zo, zafi. Ba ta hana yaro maganar baki. Hajiya ma a koya mata, tunda ita ce take yini da shi.