"Construct", "Cast", "Fabricate": Ba Duka Ne "Gina" Ba

Maigida, jiya injiniya ya ba ni takardar ƙididdigar aiki, wadda suke kira BOQ, in riƙe masa. Wani layi ya fara da "construct", wani "erect", wani "cast", wani "fabricate". Na duba a waya, duk fassararsu gina ko ƙera. A jikin zanen kuma ga "concept", ga "design", ga "plan". Burgar Turanci ce kawai, ko akwai bambanci?

Ɗana, akwai bambanci, kuma bambancin na kuɗi ne. Duba Hausarmu tukuna. Ana gina ɗaki, a ƙera lauje, a sassaƙa turmi, a saƙa tabarma, a kafa rumfa. Ka taɓa jin wanda ya ce ya ƙera katanga? To haka abin yake a takardar nan. Kalmar da ta buɗe layi ita ke gaya maka wane ne mai aikin, da me zai yi shi, kuma a ina farashin ya tsaya.

"Build" da "construct" su ne gamammu, na biyun shi aka fi rubutawa a takardar kwangila. In aka ce a yi "construct" ɗin ramin sokawe, yawanci ana nufin abin gaba ɗayansa: haƙa, bulo, filasta da murfi, duk a farashi guda. Wanda ya lissafa kuɗin bulo kaɗai, daga aljihunsa zai ƙarasa sauran. Don haka karanta layin har ƙarshensa.

"Lay" jerawa ce ko shimfiɗawa: bulo, tayil, bututu. In ka ga 225mm, bulo mai inci tara ake nufi, 150mm kuwa mai inci shida. Ana ƙiyasta bulo goma a kowace murabba'in mita ta bango. Lambar 1:6 da ke biye da shi kwaɓi ne, siminti ɗaya, yashi shida.

Wanda nake so ka riƙe da kyau shi ne "cast", wato abin da muke cewa kastin, zuba kankare a cikin katako ya daskare da siffar da ake so. In an ƙara "in-situ", a wurin da zai zauna za a zuba shi, kamar fila, linta da dekin. In "precast" ne, a gefe ake zubawa, ya yi ƙarfi, sannan a ɗauko a aza, kamar murfin kwata. Kwaɓin 1:2:4 kuwa, buhun siminti mai kilo 50 muna ɗaukarsa kwanon sarki biyu, saboda haka yashi kwano huɗu, tsakuwa takwas. Lebura zai so ya ƙara ruwa don shebur ya yi masa sauƙi. Kada ka bari, ruwan da ya yi yawa ƙarfin kankaren yake ci. In kuma ba a girgiza shi da inji ko an caccake shi da rodi sosai ba, ranar cire katako za ka tarar da ramuka kamar saƙar zuma, rodi a waje, tsatsa ta samu ƙofa. Bayan zubi a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai, musamman da bazara ko lokacin hunturu da iska ke busar da shi da wuri. Ƙarfin da injiniya ya lissafa sai a kwana 28 ake auna shi.

Katakon da ke riƙe kankaren shi ne "formwork", daga "form", ba abu siffa. Aikin kafinta ne, kuma layinsa dabam, ana auna shi da murabba'in mita, alhali kankaren da kubik mita ake auna shi, wato tsawo, faɗi da kauri. Na gefen fila ana iya cirewa bayan kwana ɗaya ko biyu. Tokaran ƙarƙashin dekin kuwa sati biyu zuwa uku, gwargwadon faɗin ɗakin, kuma sai injiniya ya ce a cire.

"Fabricate" na mai walda ne: a yanka ƙarfe, a lanƙwasa, a liƙe, a fitar da ƙofa ko ƙarafan rufi. "Erect" tsayarwa ce, a ɗaga abin a kafa shi a miƙe. Shi ya sa sukan zo tare. In layin ya ce "fabricate" kaɗai, mai walda zai iya ajiye maka ƙarafan a ƙasa ya karɓi kuɗinsa, kuma ba ka da bakin magana. "Assemble" harhaɗa sassan da aka riga aka ƙera ne, da noti da sukurdireba. "Install" ya wuce ɗorawa: famfon ruwa ko mita, sai an haɗa, an kunna, an ga yana aiki.

Akwai tarko biyu. "Fix" a takardarmu ba gyara ba ne, kafawa ce, kamar sa taga a mazauninta. Gyaran inda aka fasa bango don bututu, "make good" ake rubutawa. Sannan ka bambance "supply only" da "supply and fix": na farko kawo kaya kawai, na biyu har da sawa. Rigimar 'yan kwangila da masu gida da yawa daga nan take tashi.

Yanzu kalmomin tunani. Mu ma mukan ce mutum yana saƙa wani abu a zuci, ko ya ƙulla shawara, ko ya gina maganarsa a kan hujja. Bature ma yakan ari kalmar gini ya yi maganar tunani da ita, har "fabricate" ɗin nan: in aka ce an yi "fabricate" ɗin sakamakon gwajin kankare, ƙarya aka shirga, ba walda ba.

"Concept" shi ne abin da mai zanen gini ya fara saƙawa, ɗaki nawa, ƙofa ta ina, don mai gida ya gani ya ce e ko a'a. Ba a haƙa tushe da shi. "Draft" ma rubutu ko zanen farko ne da ake jiran gyara. "Design" shi ne inda aka zauna aka yi lissafi: kaurin rodi, ko 12mm ko 16mm, tazarar da ke tsakaninsu, zurfin tushe. Wannan hurumin injiniya ne, ba naka ba, ba nawa ba, ko da idonka ya ce rodin ya yi yawa. "Plan" a bakin mutane shiri ne, amma a jikin zane hoton gida ne kamar an yanke shi a kwance, sama da daɓe da mita ɗaya da 'yan kai, ana leƙowa daga sama. In an yanka a tsaye "section" ke nan, fuskar gidan daga waje kuma "elevation".

Kafin ka ja igiya, duba akwatin da ke kusurwar takardar, yawanci ƙasa ta hannun dama. In an buga "preliminary" ko "for approval", ajiye diga. Sai ka ga "for construction". A wurin kuma akwai harafin gyara, A, B, C. In naka B ne na injiniya C, mayar da naka, don wataƙila bangon da kake shirin aunawa an riga an matsar da shi. Kuma kada ka ɗora rula a kan zane ka ƙirga, na'urar kwafi tana rage shi ko ta ƙara. Lambar da aka rubuta ita za ka bi, in babu lamba ka tambaya.