Mushe, kada ka girka ChromeOS Flex sai ka kwashe kayanka da hannunka

Assalamu alaikum. Mushe, tun bayan isha'i na ga tambayarka, na ce bari in jira masu ilimin abin su fara magana, amma barci ya ƙi zuwa. Ka ce kwamfutarka HP ta tsufa, RAM ɗinta jiga 4, Windows 10 ta yi mata nauyi, kana jin ana yabon ChromeOS Flex, sistem ɗin Google na tsofaffin kwamfutoci, kana so ka san ko ka sa shi, kuma makin ɗalibanka da duk jarrabawoyin da ka tsara a cikinta suke. Wannan magana ta ƙarshe ita ta hana ni kwanciya, don ni ma a daidai wurin nan na tsaya a shekarar 2023, kuma har yau ban gama warkewa ba.

Yawancinku kun san shagona na buga takardu. Dell ce nake aiki da ita tun 2016, duk abin da na taɓa buga wa mutane yana ciki: katunan aure da na suna, takardun neman aiki, rasit na ƴan kasuwa, kundin kammala karatu na ɗaliban jami'a. Ta kai in na kunna ta sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama buɗewa ba. Akwai wani yaro mai gyara da ke zuwa shagon, ɗan unguwarmu ne, a gabana ya girma, sau da yawa kwano ɗaya muke ci da rana. Shi ya zo mini da labarin. Ya ce Kawu, akwai sabon sistem na Google, kyauta ne, an yi shi don tsofaffin kwamfutoci, cikin daƙiƙu kaɗan yake tashi. Na tambaye shi kayana fa? Ya ce ai suna ɓangaren diski na D, ɓangaren C kaɗai ake sharewa. Na sake tambaya. Wallahi sau uku na tambaye shi, na ukun har ya yi dariya ya ce Kawu kai dai ba ka yarda da mutum.

Ku lura da wannan, don a nan ramin yake, kuma na san da yawa a cikinmu haka muka saba. In za a sake sa Windows, mai gyara yana share C ya bar D, kayanka na nan lafiya. ChromeOS Flex ba haka yake ba. In ka ce a girka shi, diskin gaba ɗaya yake sharewa, da C da D da duk wani rabo da ke ciki, kuma ba a yi shi don ya zauna tare da Windows a diski ɗaya ba. Kafin ya fara yana rubuta gargaɗi ƙarara a allo cewa komai zai tafi. Yaron nan bai karanta ba, ko ya karanta ya ɗauka irin gargaɗin da ya saba wucewa ne. Ya danna.

Na dawo daga sallar azahar na tarar da kwamfuta ta tashi fes, allo mai kyau, ko ƙarar fanka babu. Na ji daɗi, har na sa masa albarka. Sai na ce ya buɗe mini jakar da na sa wa suna AIKI. Ya shiga nan, ya fita can. Na ga hannunsa ya fara rawa. Ya ce bari ya kashe ya kunna. Ya kashe ya kunna. Mushe, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, a kan siminti, a gaban mutum biyu da suka zo yin kwafi. Shekara bakwai. Ba kuɗin ne ya fara zo mini a rai ba, wata yarinya ce, ɗalibar jami'a, da ta yi wata uku tana kawo mini kundinta rubutun hannu ina bugawa kaɗan-kaɗan, shafi 84, malaminta ya yi gyara har sau biyu mun shigar, saura kwana tara ta miƙa. Ba ta da kwamfuta, shi ya sa ta zo wurina. Ta taɓa cewa in sa mata a kile, wato USB, na ce ta bari sai mun gama gaba ɗaya. Da yamma ta shigo da fara'arta tana cewa Baba yau za mu buga na ƙarshe? Na rasa bakin da zan gaya mata. Da na faɗa ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba, ta dai jingina da ƙofa hawaye na zuba, tana cewa ba komai Baba, ba komai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Washegari mahaifinta ya zo daga Tibiri a kan babur, dattijo, ya gaishe ni da mutunci, ya ce shi dai a taimaka wa ɗiyarsa, gero ya sayar ya biya mata kuɗin shekarar.

Kuma kun tuna wane lokaci ne. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, a farkon Agusta Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu, kuran sai an gan shi. Da guntayen takardunta na hannu, da tsohon kwafin da malaminta ya yi wa jan biro, muka sake buga kundin nan daga farko a kwamfutar aro, dare takwas, ina sayen man inji da kuɗin aljihuna, ita tana karantowa ina bugawa, ƙanenta na gyangyaɗi a benci yana jiran ya raka ta gida. Ta miƙa a kan lokaci, alhamdu lillahi. Amma akwai abin da ba a sake bugawa. Hotunan mahaifiyata na aikin Hajjin 2019 suna cikin diskin nan, da wata murya da na ɗauka tana yi wa jikokinta addu'a ranar da ta dawo. Ta rasu a 2021. Wayar da na ɗauka da ita ta daɗe da lalacewa, na kwashe komai na zuba a kwamfuta don a ganina can ya fi tsaro. Na kai diskin har Kano, wani ya yi kwana biyu a kansa, ya ciro hotuna kaɗan marasa suna, wasu rabi a toshe. Muryar ba ta dawo ba.

Shi kuwa yaron, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Bai taɓa cewa Kawu yi haƙuri ba. Cewa ya yi ƙaddara ce. Na san ƙaddara ce, ni musulmi ne, amma ba wanda ya yi ɓarnar ne zai riga ni faɗa ba. Bayan kwana uku ya aiko ƙanensa wai a ba shi jika 3 na aikinsa. Na bayar, don kada a ce na ci haƙƙin yaro. Har yau muna haɗuwa a masallaci, yana gaishe ni ina amsawa, amma zuciyata ba ta koma yadda take ba, ina roƙon Allah ya cire mini. Kuma na ji har yanzu yana sa wa mutane abubuwan da bai karanta ba. Masu gyara da ke cikinmu, don Allah ku ji tsoron Allah, in ba ka san abu ba ka ce ban sani ba. Kwamfutar mutum ba ƙarfe ba ce kawai, amanar mutane da yawa ce a ciki.

To, kada ka ɗauka ina cewa sistem ɗin banza ne. Ba zan yi masa ƙarya don na ji ciwo ba. Daga baya na sa shi da hannuna a wata tsohuwar Lenovo da ɗiyata ke karatu da ita, kuma wallahi ta farfaɗo, tana tashi da sauri, ba ta cika da tarkacen da yara ke saukewa. Google ta fitar da shi ga kowa a Yulin 2022, asalinsa CloudReady ne na kamfanin Neverware da ta saya a 2020. Abin da yake nema kaɗan ne: injin Intel ko AMD mai bit 64, RAM jiga 4, wurin ajiya jiga 16. Taka ta cika sharaɗi a takarda. Amma suna da jerin kwamfutocin da suka gwada suka tabbatar, ka duba lambar taka a ciki, don wadda ba ta ciki tana iya tashi amma wifi ko sauti ko kamara su ƙi aiki.

Abin da nake so ka yi, ka gwada shi ba tare da ka girka ba, ana iyawa. Ka samu kile mai jiga 8 ko fiye, wanda ba komai a ciki don shi ma za a share shi. A cikin Chrome ake sa wata ƴar manhaja, Chromebook Recovery Utility, ita ke sauke sistem ɗin ta rubuta a kile. Ya haura jiga 1, saboda haka ka nemi inda wifi yake, kada ka ƙone forfenka na wata a zama ɗaya. A HP, in ka kunna sai ka danna Esc sannan F9 ka zaɓi kile. Zai ba ka zaɓi biyu, girkawa ko gwadawa tukuna. Ka zaɓi gwadawa. Ka karanta kowane layi kafin ka danna, ko da wani na tsaye a kanka yana cewa yi sauri. Ta kile ya fi nauyi kaɗan, kada wannan ya ruɗe ka.

Kuma ko gwajin ma kada ka fara sai ka kwashe kayanka wuri biyu, ka buɗe su a wata kwamfutar ka gani da idonka sun buɗu. Makin yara ba naka ba ne kai kaɗai.

Sai maganar rezo, wadda masu yabon abin ba su cika faɗa ba. Kusan komai a cikin Chrome ake yin sa. Shigar farko da adireshinka na Gmail sai da intanet. Word da Excel irin waɗanda ka saba ba su girkuwa a kansa, sai dai na intanet, ko Google Docs da Sheets. Ana iya saita Docs da Sheets su yi aiki ba intanet, amma sai ka kunna wannan tun kana da rezo, kuma ka zaɓi takardun da kake so su zauna a cikin kwamfutar. Ka ce wani lokaci ana tura ka ƙauye sa ido a jarrabawa. Ka yi tunanin kanka can wajen Dakoro ko Mayahi, rezo na zuwa yana ɗaukewa, takardar da kake nema tana Drive, ma'ajiyar Google ta intanet, ba ka sauke ta ba. Sannan yana sabunta kansa kusan kowane wata, wannan ma daga forfenka ne. Jiga 15 da Google ke bayarwa kyauta kuwa haɗe yake da Gmail da hotuna, yana cika da wuri in kana ajiye bidiyo.

Ka buɗe takardar makin nan taka a Sheets lokacin gwajin, ka duba ko lissafin matsakaicin maki ya fito daidai. In akwai makro a ciki irin na Excel, wato umarnin da aka tsara ya yi aiki da kansa, ba zai yi aiki ba. Jarrabawar da ka tsara a Word mai tebur da zane, ka duba ko layukan sun goce. Ka jona na'urar buga takardar makarantarku ka gani ko ya gane ta, ni tsohuwar tawa ta shago bai gane ta ba sam. Kuma kada wani ya ce maka za ka samu Play Store, wannan a Chromebook na asali yake, babu shi a Flex. Ni da nake aikin katuna da CorelDRAW da Photoshop dole na koma Windows, ba yadda zan yi.

Na san abin da ke tsorata mutane shi ne Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma irin kwamfutocinmu na hannu da yawa ba su cika sharaɗin Windows 11 ba. Gaskiya ne, amma kwamfutar ba mutuwa ta yi ranar ba, gyaran tsaro ne ya tsaya. Kana da lokacin da za ka yi abinka a natse. Ni da a ce wani ya gaya mini a 2023, da abin da zan yi ke nan: in sayi ƙaramin SSD, wato diskin zamani mai sauri, ko mai jiga 128 ne, a cire tsohon diskin a ajiye shi yadda yake ba a taɓa shi ba, a sa sabon sistem a kan SSD ɗin. In bai yi maka ba, ka mayar da tsohon, kamar ba a yi komai ba. Sau da yawa ma nauyin da muke kuka da shi daga tsohon diski ne, SSD kaɗai na iya warkar da shi ko da Windows ɗin ka bari. In kuma aikinka ya fi yawa inda ba rezo, ka tambayi masu Linux Mint a cikinmu, shi ma wani sistem ne, yana zuwa da LibreOffice mai aiki irin na Word da Excel, yana aiki ba intanet.

Wani abu kuma da ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. Duk mai iyaye da rai, ka ɗauki muryarsu, ka tura wa ƴan'uwanka biyu ko uku, kada ta zauna wuri ɗaya. Ni ƙanwata da ke Zinder ta roƙe ni in tura mata wannan muryar tun Hajiya na da rai, kullum ina cewa gobe.

Mushe, ka rubuto mana cikakkiyar lambar HP ɗin, tana ƙasanta a jikin takarda ko ƙarƙashin batir. In kana gari ranar Asabar bayan la'asar ka biyo shago da ita, ina da kile da aka riga aka shirya da diskin waje da za mu kwashe kayanka a ciki tukuna. Ba sai ka biya komai ba.