Labari ya maƙale a babi na 7

Malama, kin ce wata 2 ke nan labarinki ya tsaya a babi na 7, har rubutun ya fara fita ranki. Yawanci matsalar tana baya: jarumar ta daina neman komai, shi ya sa alƙalami ya ƙi tafiya. Koma babi na 4 ki duba abin da take so. Ki ware minti 20 bayan Asuba, shafi ɗaya, ban da gyara, don gyara ana tsaka da rubutu ne ke kashe gwiwa. Haka ma jiran yabo a WhatsApp. Ki leƙa kasuwar Kurmi ko marinar Ƙofar Mata a Kano ki saurari hirar mutane. In barci da cin abinci sun gagara sama da sati 2, ki ga likita.