Likita, ba ni da sandar ƙarfe a gida: ta ina zan fara ɗaga jikina?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne, shekarata 22, a ɗakin haya nake. Ina son in iya atisayen nan da ake rataya a ja jiki sama har haɓa ta haura sanda, amma ba ni da kuɗin gidan motsa jiki. Abokina ya ce in riƙa kama saman ƙofa. Ba matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, rabu da shawarar abokin nan. Ƴan ƙusoshin da ke riƙe da ƙofa ba a yi su don ɗaukar ƙato mai kilo 70 ba. Haka azara, da bututun ruwa, da ƙarfen taga, da ƙugiyar fanka. Na taɓa ɗinke ƙeyar wani saurayi da azara ta karye masa yana lilo. Gara ta riga ta cinye cikinta, daga waje kuwa sumul.

Ai ma ba da rataya ake farawa ba. Wannan aiki na faffaɗar tsokar baya ne, wadda ta taso daga ƙugu zuwa hammata, sai ƙwanji da ƙarfin damƙa su taimaka. Duk ana iya gina su ƙafa na ƙasa. Samu teburin katako mai nauyi, ka sa wani ya zauna a ɗaya ɓangaren don kada ya kife. Kwanta rigingine a ƙarƙashi, ka kama bakinsa, ka lanƙwashe gwiwa, ka ja ƙirjinka sama kana matse allunan kafaɗa, sannan ka sauko a hankali. Sau 8 zuwa 10, ka huta, ka maimaita har zagaye uku. In babu tebur, ga jarka: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Dafa benci da hannu ɗaya, baya a miƙe, ka ja jarka mai lita 10 zuwa kwiɓinka da ɗaya hannun.

Bayan ƴan makonni ka nemi reshen mangwaro mai kauri, ɗanye, kusa da gindi, wanda kake taɓawa kana tsaye. Fara rataya kawai, daƙiƙa 15 zuwa 20. Daga nan ka hau benci yadda haɓarka za ta haura reshen, ka ɗage ƙafa, ka sauko kana ƙirga biyar. Sau uku zuwa biyar ya isa. Tsoka ta fi ƙarfi wajen sauke nauyi a kan ɗaga shi, shi ya sa wanda bai iya hawa ko sau ɗaya ba yake iya saukowa, kuma daga saukowar hawan ke zuwa.

Tambaya: Likita, shekaranjiya na yi wannan saukowa a hankali wajen sau 60 da rana tsaka. Yanzu hannuna ya kumbura, ba ya miƙewa, fitsarina kuma ya koma kalar baƙin shayi.

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye wayar nan ka tafi asibiti yau, kada ka bari sai gobe. Tsamin jiki na yau da kullum yakan tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan ya lafa, kuma ba ya canza kalar fitsari. Abin da ka kwatanta alama ce ta tsoka ta farfashe, sinadarinta ya kwarara cikin jini, kuma yana iya toshe ƙoda. Za a yi maka gwajin jini da na fitsari, mai yiwuwa a sa maka ƙarin ruwa. Ka riƙa shan ruwa a hanya. Kada ka tsaya kemis sayen magungunan rage ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen, domin suna ƙara wa ƙoda wahala. Zafin rana da ƙishirwa na sa abin ya yi muni, don haka mai azumi ya bar atisayen sai bayan shan ruwa.

Tambaya: Likita, ni mace ce mai shekara 47, ina shan maganin hawan jini. Ya dace da ni?

Amsa: Hajiya, ya dace, muddin jinin na zaune daidai kuma likitanki ya amince. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2020, ta ce manya su yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Abin gudu shi ne riƙe numfashi ana yunƙuri, don yana cilla jini sama nan take. Ki fitar da numfashi lokacin ja, ki shaƙa lokacin saukewa. Ki fara da jarka mai lita biyar. Jiri, ciwon ƙirji ko haki mai tsanani, ki tsaya ki je a duba ki.

Tambaya: Kullum zan riƙa yi? Gwiwar hannuna ta fara zogi ta ciki.

Amsa: A'a, Malam. Kwana biyu ko uku a mako, da hutun kwana ɗaya aƙalla a tsakani. Jijiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi ba ta saurin sabawa kamar tsokar kanta, ita ce ke maka ƙorafi. Dakatar da ratayar na mako biyu, ka koma jarka marar nauyi. In zogin bai tafi ba, ko yatsunka sun fara mutuwa, kawo hannun a gani.