Bairos ya ɓace a jini, me ya sa ba a daina shan maganin hanta?

Tambayar ta fito ne daga wani ƙaramin likita da ke koyon aikin cututtukan hanta: "Maigida, ga majinyaci mai shekara 34, shekararsa biyu yana shan tenofovir saboda ciwon hanta nau'in B. Gwajin DNA ya nuna ba a ga bairos a jininsa ba, ALT ɗinsa (enzayim mai nuna raunin hanta) 24, amma HBsAg (furotin ɗin rigar bairos ɗin) na nan daram. Ya gaji da sayen magani, yana so ya daina. In bairos ɗin ya ƙare, me muke kashewa? In kuma bai ƙare ba, ina ya ɓuya? Sannan me ya sa har yau babu maganin da ke narkar da tabon hanta kai tsaye?"

Ɗana, kada ka bari ya daina. Takardar gwajin nan labarin jini kawai ta ba ka, ba ta leƙa cikin hanta ba. Bari mu bi bairos ɗin daga ƙofa zuwa ƙuryar ɗaki, za ka ga inda maganinka ya tsaya.

A bangon tantanin hanta akwai wata ƙofa mai suna NTCP. Aikinta na asali ɗebo gishirin ruwan matsarmama daga jini. Ta nan bairos ɗin yake shiga, kuma sai a 2012 masu bincike a Beijing suka gano haka. Da ya shiga, yakan kai ɗan guntun DNA ɗinsa, mai harafi kusan 3,200 kacal, cikin cibiyar tantanin. DNA ɗin yana zuwa ne a buɗe, bai cika zagaye ba. Abin haushin, ma'aikatan gyaran DNA na tantanin da kansa ne suke ɗinke masa ɓarakar, su mai da shi rufaffen zobe, su naɗe shi da furotin irin wanda ake naɗe namu DNA ɗin da shi. Wannan zoben shi ne cccDNA. Daga gare shi ake kwafo duk RNA ɗin bairos: wani ya zama furotin, HBsAg na cikinsu, wani kuma a cusa shi cikin ƙwanso, inda enzayim ɗin bairos ke juya shi ya koma DNA.

Wannan matakin na ƙarshe kaɗai tenofovir ke tarewa. Yana kama da tubalin da ake gina DNA da shi, sai enzayim ɗin ya ruɗe ya ɗora shi a gini, ginin ya tsaya nan. Saboda haka sabon DNA ba ya fitowa jini, gwajinka ya ce babu. Zoben kuwa ko gezau bai yi ba. Yana nan yana fitar da RNA, ana ƙera HBsAg. Kamar ƙiri-ƙiri ne a gona: ka nome ganyen, saiwar na ƙasa tana jiran ka jingine fartanya.

Akwai mafaka ta biyu da ƙananan likitoci ke mantawa da ita. Gutsattsarin DNA ɗin bairos kan manne cikin DNA ɗin majinyacin kansa tun farkon kamuwa. Waɗannan gutsattsarin ba sa iya haifar da cikakken bairos, amma suna iya ƙera HBsAg. A wanda HBeAg ɗinsa (wani furotin ɗin bairos da ake aunawa a jini) ya riga ya ɓace, wato irin yawancin manyan da za ka gani a Afirka ta Yamma, babban kaso na HBsAg daga nan yake fitowa. Shi ya sa a cikin masu shan irin wannan magani, waɗanda HBsAg ke ɓace musu a shekara ba su wuce kamar mutum 1 cikin 100 ba. Kai, ko wanda HBsAg ya ɓace masa, in ka ɗora shi kan rituximab ko wani magani mai danne garkuwa sosai, bairos na iya farfaɗowa. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa zoben bai mutu ba.

To in mutuminka ya daina fa? Da tenofovir, DNA kan dawo cikin wata ɗaya zuwa uku; da entecavir, wani maganin irinsa, yakan ɗan jinkirta. Ka tuna bairos ɗin nan shi kansa ba ya fasa tantanin hanta. Garkuwar jiki ce ke kashe tantanin da ta ga alamar bairos a jikinsa. Idan ya dawo gaba ɗaya, sai ta auka wa hantar baki ɗaya, ALT ya haura ɗaruruwa ko dubbai. Hanta mai sauran ƙarfi takan jure. Wadda tabo ya riga ya cinye, sai ka ga ciwon shawara, ruwa ya taru a ciki, majinyaci ya fara ruɗewa, wani lokacin kuma ba a dawowa.

Don haka abin da ya kamata ka fara nema a fayil ɗinsa ba DNA ɗin yau ba ne, halin da hantar take ciki ne kafin a soma magani. In babu na'urar auna taurin hanta, yi lissafin APRI, mai ƙiyasta yawan tabo: ka raba AST (wani enzayim ɗin hanta irin ALT) da iyakarsa ta lafiya, ka raba abin da ka samu da adadin filatilet (ƙwayoyin da ke daskarar da jini), ka ninka da 100. Misali AST 68, iyaka 40, ka sami 1.7. Filatilet 140. Ka raba 1.7 da 140, ka ninka da 100, ya ba ka kusan 1.2. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024, abin da ya haura 0.5 ya isa a soma magani, abin da ya haura 1 kuma a ɗauka hantar ta ƙanƙance. Da na'ura, iyakokin su ne 7 da 12.5 a ma'aunin kilofaskal. Kuskuren da aka saba yi shi ne lissafa APRI bayan shekara biyu ana shan magani: AST ya sauka, lissafi ya yi kyau, alhali tabon bai tafi duka ba. Wani kuskuren shi ne lissafawa lokacin da mutum ke fama da zazzaɓin cizon sauro, wanda kan karya filatilet. Haka ita ma na'urar takan ba da adadi sama da gaskiya in majinyaci bai daɗe da cin abinci ba, ko ALT ɗinsa na sama sosai. A bar shi awa uku ba ci.

Yanzu ga batun tabo, wanda shi ne ya fi daɗin bayani.

Tsakanin tantanin hanta da ƙananan hanyoyin jini akwai wani siririn lungu, a cikinsa wasu tantanai masu siffar tauraro suke zaune. A hanta mai lafiya aikinsu ajiyar bitamin A ne. Mafi yawan bitamin A na jikin mutum a wurinsu yake. Idan tantanan hanta suka yi ta mutuwa, masu sharar hanta, wato tantanan Kupffer, da sauran dakarun garkuwa da ke zuwa daga jini sukan saki saƙonni. Biyu ne manya. PDGF yana cewa taurarin nan su hayayyafa su nufi wurin rauni. TGF-beta yana cewa su zubar da bitamin A su koma saƙar kolajin, wato zaren tabo, nau'i na ɗaya da na uku. Hanta tana da almakashinta, enzayim ɗin MMP, masu yanke kolajin. Amma taurarin da suka farka suna sakin TIMP-1, wanda ke ɗaure almakashin. Ana saƙa, ba a warwara. Ƙananan tagogin da ke jikin hanyoyin jinin su toshe, taurarin kuma su matse hanyar kamar tsoka. Jinin da ke zuwa daga hanji ya rasa wucewa. Bambancin matsin jinin da ke shiga hanta da wanda ke fita, da bai wuce 5 a ma'aunin mmHg a mai lafiya ba, in ya kai 10 sai jijiyoyin maƙoshi su fara kumbura, daga 12 kuma ana tsoron aman jini. Saifa ta girma ta riƙe filatilet. Ka ga inda filatilet ya shigo lissafin APRI ke nan.

Duk wanda ya ga wannan taswira zai ce ai sai a toshe TGF-beta a huta. An gwada makamantan haka, ba a ji da daɗi ba. TGF-beta ba saƙar tabo kawai yake yi ba: shi ke tausasa garkuwar jiki, kuma shi ke taka wa tantani burki kada ya hayayyafa barkatai a farkon ciwon daji. Ka kashe shi a jiki duka, ka buɗe wata ɓarakar. An gwada simtuzumab, wanda ke tare LOXL2, enzayim ɗin da ke ɗaure zaren kolajin da juna. Tabo bai ragu ba. Selonsertib, mai tare ASK1, ya faɗi a manyan gwaje-gwaje a 2019. A ganina dalili a fili yake: hanyoyin tada taurarin suna da yawa, ka toshe ɗaya saƙo ya bi ta wata, muddin tantanan hanta na ci gaba da mutuwa.

Abin da ya yi aiki shi ne kashe wutar daga tushe. A wani bincike da aka buga a 2013, an tsakuri hantar masu shan tenofovir kafin magani da kuma bayan shekara biyar: cikin mutum 96 da hantarsu ta ƙanƙance, 71 sun fita daga wannan matakin. Tenofovir bai san kolajin ba. Rauni ne ya tsaya, taurarin wasu suka mutu wasu suka koma barci, TIMP-1 ya ragu, almakashi ya kama aiki. Hatta resmetirom, da Amurka ta amince da shi a watan Maris na 2024 don hanta mai kitse da kumburi, ba tabon yake sara ba. Yana tada makarɓar sinadarin tayirod nau'in beta ne a cikin hanta don ta ƙone kitse. Ba maganin ciwon hanta nau'in B ba ne, kada wani ya ruɗe ka da shi. Ka gaya wa majinyacinka cewa ƙwayar da yake gani kamar ba ta yin komai, ita ce maganin tabon da yake nema.

Su kuma sababbin magungunan da ake harin bairos ɗin da su, kowanne ya kama gaɓa ɗaya a hanyar da muka bi. Bulevirtide yana zama a ƙofar NTCP ya hana shiga. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2020, allurar miligiram 2 kullum, amma don bairos ɗin ciwon hanta nau'in D, wanda ke aron rigar HBsAg ya shiga ta ƙofa ɗaya. Masu lalata haɗa ƙwanso sun rage DNA, da aka daina kuma bairos ya dawo. Masu yanke RNA sun fi jan hankalina, domin suna iya rage HBsAg, kuma tulin HBsAg na cikin abin da ke gajiyar da garkuwa. A gwajin mataki na biyu na bepirovirsen, kusan mutum 1 cikin 10 ya wanye ba HBsAg ba DNA wata shida bayan gama allura, galibi waɗanda HBsAg ɗinsu dama ba shi da yawa. Akwai kuma furotin HBx, da aka gano a 2016 cewa aikinsa rusa Smc5/6, wani makulli da tantani ke rufe bakin zoben da shi; in an hana HBx, zoben zai yi shiru. Masu son yanke zoben da almakashin DNA suna da babbar matsala: almakashin zai yanki gutsattsarin da suka manne a DNA ɗin majinyaci.

Mannewar nan ita ce dalilin da ba za ka sallame shi daga sa ido ba ko da DNA ya ɓace. Guntun bairos kan sauka kusa da TERT, ƙwayar gadon da ke ba tantani damar rarrabuwa ba iyaka, don haka nau'in B na iya kawo ciwon daji ba tare da hanta ta ƙanƙance ba. A ƙasashenmu akwai abokin ɓarna: gubar aflatoksin, daga fumfunar da ke kama gyaɗa da masara. Hanta ce da kanta, ta hanyar CYP1A2 da CYP3A4, take mai da gubar wani abu mai manne wa harafin G a DNA. A ƙwayar gado ta TP53, mai tsaron tantani daga daji, gurbi na 249 yakan sauya daga AGG zuwa AGT, mai gadin ya nakasa. An bayyana wannan sauyi a 1991 a majinyatan Sin da na kudancin Afirka, daga baya aka same shi sosai a Gambiya. Wani bincike a Shanghai ya nuna wanda ya haɗa bairos da gubar haɗarinsa ya ninka kusan sau 60. Tenofovir ba ya taɓa wannan. Ka tambaye shi inda gyaɗa da ƙuli-ƙulin gidansa suke fitowa. A tsince ƙwayar da ta motse ko ta sauya launi a zubar, kada a mai da ita ƙuli. Suya ba ta kashe gubar. A busar da masara sosai a kan tamfol, ba a ƙasa ba, kafin ta shiga rumbu. In manomi ne, akwai Aflasafe na cibiyar IITA da ke Ibadan, kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure.

Ga abin da za ka rubuta masa. Tenofovir miligiram 300 sau ɗaya kullum, ba tsallake. Da azumi ya sha bayan buɗa-baki ko da sahur. In entecavir ne, miligiram 0.5, shi kuma cikin da ba abinci yake so, awa biyu bayan ci, awa biyu kafin wani. Tabbatar an yi masa gwajin HIV, domin tenofovir shi kaɗai a mai HIV yana koya wa wancan bairos ɗin jure magani. A duba ƙodarsa aƙalla sau ɗaya a shekara. In tacewarta ta sauka ƙasa da mililita 50 a minti, a gyara yawan maganin ko a koma entecavir. Hoton ciki da gwajin AFP, mai nuna alamar dajin hanta a jini, duk wata shida, kada ka jira ya kai shekara 40. A gwada matarsa da 'ya'yansa da 'yan uwansa na ciki ɗaya, wanda ba ya ɗauke da cutar a yi masa riga-kafi. In an haifa masa jariri, allurar farko ta shiga cikin awa 24, kafin ranar suna da askar wanzami, domin jaririn da ya kamu, tara cikin goma da cutar za su girma.